Filin Tambaya da Amsa: Ire-iren Injin Dizal da Abin da Ƙira Za Ta Iya Ɗauka

Wasiƙun wannan karo sun taru ne a kan injin dizal, wanda direbobi da makanikai suka fi kira injin gas, kuma yawancinsu daga Jos da kewayenta suka fito. Na zaɓi huɗu daga ciki, na kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniya a nan Jos. A aji an ce mana injin dizal iri biyu ne, mai bugu biyu da mai bugu huɗu, amma a garejin da nake koyon aiki a Dilimi sai na ji ana cewa wannan mai hita ne, wancan mai tabo (turbo) ne, wani kuma na kwamfuta ne. Shin a gaskiya iri nawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka bai yi kuskure ba, maigidanka na gareji ma bai yi ba. Idan ka shiga kara za ka tarar ana kasa shanu ta launi, ana kasa su ta ƙaho, ana kuma kasa su ta shekaru, kuma saniya guda takan faɗa cikin kowane kaso ba tare da an saɓa wa juna ba. Haka injin dizal yake. Abin da ya haɗa dukkansu shi ne babu fulogin da ke kunna wuta. Iska zalla injin ke zuƙa, fistin ya matse ta ninki 15 zuwa 22, zafinta ya haura maki 500 a ma'aunin Salshiyas, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. A kan wannan dabara Bajamushen nan Rudolf Diesel ya gina injinsa da ya yi aiki sosai a birnin Augsburg a 1897, kuma duk wata ƙira da za ka ji labarinta, matsin nan ne ke yanke mata hukunci, ko ta yiwu ko ta gagara.

Kason da aka koya maka a aji ya shafi yawan kai-komon fistin. A mai bugu huɗu, fistin na sauka ya zuƙi iska, ya hau ya matse ta, ya sauka da ƙarfin ƙuna, ya sake hawa ya kori hayaƙi, don haka sai karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu kafin a sami bugun ƙarfi ɗaya. Kusan duk abin da ke yawo a titunanmu, daga Hilux har tirela, wannan ne. Mai bugu biyu kuwa yana ba da ƙarfi a kowane juyi, amma da yake ba shi da lokacin da ya ware don share hayaƙi, yawanci sai an haɗa masa famfon da ke hura iska ta ramukan da ke jikin silinda, sabuwar iska ta ture tsohuwar. Kamfanin Detroit Diesel na Amurka ya fito da irin wannan a 1938, ya kuma yi shekaru kusan sittin yana cikin manyan motoci da janaretoci, har dokokin hayaƙi suka kore shi daga titi. A teku kuwa har yau shi ne sarki. Injin Wärtsilä-Sulzer RT-flex96C da aka sa wa jirgin dakon kwantena Emma Maersk a 2006 yana da silinda 14, faɗin kowace santimita 96, fistinsa na tafiyar mita 2.5, nauyinsa ya kai tan 2,300, kuma duk girman nan sau 102 kacal yake juyawa a minti, yana ba da ƙarfin doki sama da 100,000.

Wannan ya kawo mu kaso na biyu, wato gudu. Injin da ke juyawa ƙasa da sau 300 a minti ana kiransa mai jinkiri, kuma na manyan jiragen ruwa ne. Daga nan zuwa wajen 1,000 matsakaici ne, irin na tashoshin wuta da wasu jiragen ƙasa. Abin da ya haura haka mai sauri ne, kuma a nan motoci da janaretocinmu suke. Da yake wutar Najeriya mai kaɗawa 50 ce a daƙiƙa, janareta ba shi da zaɓi da yawa: ko ya juya sau 1,500 a minti, kamar manyan da ke asibitoci da otal-otal, ko sau 3,000, kamar ƙananan da ke cika unguwa da ƙara kuma suke saurin tsufa.

Kaso na uku shi ne ya fi shafar mutumin Jos, wato inda ake fesa man. Wanda maigidanka ya kira mai hita yana da wani ɗan ɗaki a cikin kan inji, bai fi girman goro ba, inda man ke fara kamawa kafin wutar ta fantsama kan fistin. Irin wannan ba ya yawan ƙara, kuma famfonsa ba ya buƙatar matsi mai tsanani, amma bangon ɗan ɗakin yana shanye zafin iskar, shi ya sa ake ƙara masa matsi har sama da ninki 22, a kuma sa masa hita, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama ɗakin kafin a tayar da injin. Injin 1HZ na Toyota, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ke cikin Coaster da tsofaffin Land Cruiser tun 1990, misali ne da kowa ya sani. Ka je tashar mota a titin Bauchi da asubahin watan Disamba, lokacin da sanyin hunturu ke sa mutane zagaye mai shayi da hannaye cikin aljihu, za ka ga direban Coaster ya murɗa makulli rabi ya tsaya yana kallon 'yar fitilar da ke gabansa har ta mutu kafin ya tayar. Idan hita ɗaya ta ƙone, injin zai tashi yana ɗingishi, farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai na fita daga salansa har sai ya ɗumama. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne mai fesa mai kai tsaye cikin wani kwarmi da aka fafe a saman fistin, kamar injin OM352 da ke cikin tsohuwar Mercedes 911. Ya fi ƙara, amma ya fi tattalin mai, kuma ya fi sauƙin tashi a sanyi.

Na kwamfuta kuwa jikan wannan na biyun ne. Famfo ɗaya ke tara mai a bututu guda da matsi mai yawa, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe kowane nozul, wani lokaci sau da dama a bugu ɗaya. Ya shigo ƙananan motoci a 1997 da Alfa Romeo 156, da matsi 1,350 a ma'aunin 'bar', yanzu kuma ana haura 2,000, wato kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. A ganina injin kirki ne ƙwarai, sai dai ba ya yafiya. Ɗigon ruwa, ko ƙura, ko man da aka gauraya da kananzir, wanda tsohuwar 911 za ta haɗiye ta wuce, shi zai iya cinye masa nozul da famfo a tafiya ɗaya. Sauran kashe-kashen, kamar mai sanyaya da ruwa ta lagireto da mai sanyaya da iska irin na Deutz, ba su da wuyar ganewa, da ido ma za ka bambance su.

Tambaya: Malam Injiniya, ni makanike ne a Bukuru. Ina da bulok ɗin injin fetur na wata bas, lafiyarsa ƙalau, kuma ina tunanin in sa masa tof (murfin kan silinda) da famfo da nozul na gas in mayar da shi dizal. Zai yiwu? Sannan me ya sa injin tirela kusan duka silinda shida ne a jere, ba a yin su kwance ko da wata siffa?

Amsa: Malam, ɗauko gejin gwada matsi da ke garejinka, shi zai ba ka amsar farko. Lafiyayyen injin fetur kan nuna 'bar' 10 zuwa 14, na dizal kuwa 25 zuwa 35, tun kafin mai ya kama ke nan. Duk wannan ƙarin nauyi a kan fistin zai sauka, ya bi ta kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya danne metal da karanshaf ɗin, ya kuma nemi ɗaga tof sama. Shi ya sa idan ka ɗora fistin ɗin gas a tafin hannu ɗaya, na fetur a ɗaya, za ka ji bambanci nan take. Ko da ka yi sa'a ramukan noti sun dace, abin da zai biyo baya shi ne ƙonewar gaskit, ko lanƙwashewar kwanrod, ko karyewar karanshaf, kuma ba za ka zaɓi wanda zai fara ba.

Ba kai ne na farko da wannan tunani ya zo wa ba. Kamfanin General Motors ya fito da injin dizal mai silinda takwas a motocin Oldsmobile a 1978, wanda ya samo asali daga ƙirar injinsu na fetur. Sun ƙarfafa bulok ɗin, amma suka bar yawan notocin tof kamar na fetur, ba su kuma sa abin tace ruwa daga mai ba, sai gaskit ya riƙa ƙonewa, har suka daina yin sa a 1985, bayan ya ɓata wa dizal suna a wurin Amurkawa na tsawon shekaru. Volkswagen kuwa ta yi nasara da irin wannan dabara a motar Golf a 1976, amma a masana'anta, da sabon fistin da sabon tof da gwaji mai tsawo. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka sayi injin gas cikakke ka ɗora, ka duba giya da mazaunin inji su dace, ka sayar da bulok ɗin ga mai buƙatarsa. Komawa ta ɗaya hanyar ta fi sauƙi, domin mai ƙarfi na iya ɗaukar kayan mara ƙarfi: ana mayar da injin dizal ya yi aiki da iskar gas ta CNG, ko dai a rage masa matsi a sa masa fulogi, ko a bar shi yana fesa ɗan dizal kaɗan don kunna iskar. A kula, wannan iskar gas daban take da man gas da muke magana a kai, sunan ne kawai ya zo ɗaya a bakinmu.

Game da silinda shida a jere, dalilin yana cikin yadda fistocin ke tafiya bibbiyu, na ɗaya da na shida, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu, ta yadda girgizar wannan ke kashe ta wancan ba tare da an ƙara wani ƙarfen daidaitawa ba. Ga shi tof ɗinsa a layi ɗaya yake, karanshaf na zaune a kan mazauni bakwai, kuma makanike na da wurin sa hannu ta gefe biyu. Aibinsa tsawo ne kawai, tirela kuwa ba ta rasa wuri. Idan silinda ta yi yawa, ko wuri ya yi kaɗan, sai a koma siffar V, kamar mai takwas da aka sa wa Land Cruiser 200, ko KTA50 na Cummins mai silinda 16 da ke juya manyan janaretoci.

Sauran siffofin kusan babu wadda ba a gwada ba. Subaru ta fito da na kwance a 2008, silinda biyu dama biyu hagu, ya kuma yi aiki, amma dizal na son fistin mai doguwar tafiya, faɗin mota kuwa yana da iyaka, kuma daga baya kamfanin ya daina yin sa. Jamusawa sun sa wa jiragen sama injin Jumo 205 a shekarun 1930, mai silinda shida da fistin 12, biyu-biyu suna fuskantar juna a cikin silinda ɗaya, babu tof babu bawul. Turawan Ingila suka ɗauki wannan dabara suka naɗe ta kusurwa uku a injin Napier Deltic, mai silinda 18 da fistin 36 da karanshaf uku, wanda ya ja jiragen ƙasa. Ƙarfinsa idan aka kwatanta da nauyinsa abin mamaki ne, amma ka ƙiyasta ranar da za a ce ka sauke shi ka canza ringi. Wadda ta gagara ita ce ƙirar Wankel, injin da ba shi da fistin sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke wulwulawa, irin wanda Mazda ta yi suna da shi a fetur. Ɗakin ƙunarsa dogo ne siriri kamar lauje, zafi na zurarewa ta bango, kuma siffarsa ba ta bari a kai matsin da dizal ke so. Rolls-Royce ta gwada haɗa biyu, ɗaya na matsa wa ɗaya iska, a ƙarshen shekarun 1960, amma bai kai kasuwa ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da gidan ruwan leda a Jos. Na sayi janareta mai kVA 100 mara tabo daga Legas, an gwada shi a gabana a can yana ɗaukar kaya lafiya, amma da aka kawo shi nan sai ya riƙa baƙin hayaƙi yana nishi idan an kunna injuna duka. An cuce ni ne, ko in sa a ɗaura masa tabo?

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa ba wanda ya cuce ka, dutse ka hawo da shi. Legas a bakin teku take, Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda matsin iska ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Silindar da ke cika da iska a Legas, a nan ma tana cika, amma iskar ta fi shara-shara, famfon mai kuma bai san an yi tafiya ba, yana nan yana fesa abin da ya saba. Man da bai sami isasshiyar iska ba shi ne baƙin hayaƙin da kake gani. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce injin da ba shi da tabo na rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau. Sanyin Jos na mayar masa da ɗan kaɗan, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, amma dai ka lissafa janaretanka a matsayin mai kVA 88 zuwa 90, ka tsara kayanka a kan haka. Direbobin tirela da ke hawan Hawan Kibo da tsofaffin motoci sun san wannan a jikinsu, ko da ba su taɓa jin lissafin ba.

Tabo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista tun 1905, yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata 'yar fanka fiye da sau 100,000 a minti, ita kuma ta cusa iska cikin silinda. Shi ya sa injin mai tabo bai cika damuwa da tsayin Jos ba. Amma ɗaura shi a kan injin da ba a yi don shi ba wani abu ne daban. Wanda aka ƙera da tabo tun asali ana rage masa matsi, ana sa masa fistin mai jure zafi, sau da yawa har da 'yan bututun da ke watsa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, kuma famfonsa an saita shi daidai da ƙarin iskar. Ba na ba ka shawarar ka shiga wannan kasada da injin da sana'arka ta dogara a kansa. Ka sa a gwada nozul ɗinsa a kan benci, ka riƙa duba matatar iska kowane mako a lokacin hunturu, domin ƙurar da ta toshe ta tana ƙara masa hawan wani dutsen, kuma ka riƙa tayar da manyan injunanka ɗaya bayan ɗaya. Ranar da za ka sayi wani, ka nemi mai tabo mai juyi 1,500, ka kuma gaya wa mai sayarwa tun farko cewa a Jos zai zauna. Shi kuma idan ya zo, a bar shi ya yi minti biyu zuwa uku ba kaya kafin a kashe, don tabon ya huce da baƙin mai na zagaya shi.

Tambaya: Sallama, Malam. Ina da injin niƙa a Katako da na gada daga mahaifinmu, irin mai manyan ƙafafu biyu da ke bugawa a hankali. Yarana na cewa in sayar in sayi sabo ɗan ƙarami na Sin. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, daga bayaninki wannan ƙirar Lister ce, wadda aka fara yi a Ingila wajen 1930, ko kuma ɗaya daga cikin irinta da ake yi a Indiya har yau. Silinda ɗaya ce, ƙarfin doki shida, tana juyawa sau 650 a minti, kuma nauyinta ya haura kilo 300. Manyan ƙafafun nan su ne ke adana ƙarfin bugu ɗaya su kai injin zuwa bugu na gaba, jinkirin kuma shi ne sirrin daɗewarsa, domin abin da ba ya gudu ba ya saurin cinyewa. Na Sin ɗin, mai kwantacciyar silinda da tukunyar ruwa a kai, ya fi shi ƙarfi nesa idan aka duba girmansa, kayan gyaransa na nan birjik, amma yana juyawa wajen sau 2,000 zuwa 2,200, kuma tukunyarsa na son a riƙa ƙara mata ruwa, musamman a Jos inda ruwa ke tafasa tun a maki 96. Idan naki na tashi da hannu ba wahala, ba ya shan baƙin mai, kuma ƙarfinsa na isar aikin, ni dai ba zan sayar ba. Idan kuma ciniki ya ƙaru har kina son ƙara injin markaɗe a kan na niƙa, ki sayi sabon, amma ki sa a canza fulin da bel ke hawa, domin sabon ya ninka tsohon gudu fiye da sau uku, kuma idan aka bar fuli mai girman na da, faifan niƙa zai yi gudun da zai ƙona gari ya kuma cinye kansa. A zuba masa daɓen kankare mai kauri, a ɗaure shi da noti huɗu, a riƙa duba su duk ƙarshen mako a watan farko.